Reshen Da Ke Ɓata Wa Roi Hoto

Tun Roi tana goye a bayan uwarta nake sare mata hanya. Haka duk namiji yake a ƙauyenmu, adda a rataye a kafaɗa ɗaya, jaka a ɗaya, in reshe ya gitta maka hanya ba ka ma tsayawa tunani, hannunka ne ke yin aikin. Amma ni nawa ya yi yawa, kowa ya sani. In za mu gona ni ne a gaba, ina sara dama da hagu, har ciyawar da ba ta kai gwiwa ba. Matata Ja Lu takan ce in aka ƙyale ni sai na share dajin nan kaf don kada raɓa ta taɓa ƙafar 'yata.

Roi ce ta uku a 'ya'yanmu, ita ce kuma auta. Yayyenta sun yi aure a ƙauyukan ƙasa. Ita ce ta yi karatu har Kunming, babban birnin lardinmu, ta sami aiki a wani shagon wanke hotuna, na ce to, yanzu na huta. Shekara biyu sai ga ta da jaka ɗaya da wata kamara mai dogon baki kamar hannuna, ta rame, ta ce ta ajiye aikin, hoton cilakowa za ta riƙa ɗauka.

Na ce, "Cilakowar ce za ta ciyar da ke?"

Ta ce, "Baba, kai wa ke ciyar da kai?"

Gaskiyarta. Shekara bakwai ke nan da na kafa rumfar leƙe a kan gangaren bayan gari, daidai da tsayin kogon wata doguwar bishiya da ke tsaye a cikin kwari. Gora ce da baƙar raga da ganye, sai kujeru takwas. Masu kamara suna zuwa daga birane su zauna tun da sassafe. Kowannensu Malam muke ce masa, ko da kuwa mahauci ne a garinsu. Ni ina baya, ina raba musu shinkafa a ganyen ayaba, ina hana su tari.

Cilakowar da suke zuwa dominta babbar nan ce, mai rawayan ƙaho a kan baki, wadda kake jin fukafukanta tun kafin ka gan ta, kamar ana jan zarto a kan katako. A farkon bazara macen takan shiga kogon, ta liƙe ƙofar da kashinta da ɓawon 'ya'yan itace, ta bar 'yar tsaga wadda bakinta kawai ke iya leƙowa. A nan za ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, ta yi watanni ba ta fito ba. Duk abin da za ta ci, ita da ɗanta, namijin ne zai cika maƙoshinsa da shi ya kawo, ya maƙale a bakin kogon yana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya.

Shekarun farko yana zuwa sau shida, sau bakwai a yini, don itatuwan ɓaure suna nan tsallaken kogi, ana hango su daga rumfa. Sai aka sare tsallaken aka shuka ayaba, tun daga bakin ruwa har kan tudu. Ta namu ɓangaren kuma roba da rake suka yi ta haurowa. Yanzu sau uku yake zuwa, ranar sa'a sau huɗu, in ya tafi kuma sai ya yi awa uku ba ka ji shi ba. Ba wanda ya san inda yake samo ɓauren. Wannan ne ya dawo da Roi gida. Akwai sauran gangare ɗaya mai ɓaure a arewa da mu wanda ake maganar rabawa a yi gonaki, ita kuma tana so ta kai hotuna ofishin gandun daji kafin a zauna a kan maganar, su ga da idonsu abin da ke fitowa daga maƙoshin tsuntsun nan.

Tun asuba take fita. Ina bin ta da tulun shayi da safar kare matsattsaku, tana cewa, "Baba, na sa wata," ina cewa ta ƙara wannan a kai.

To akwai wani reshe. Busasshe ne, ya fito daga wata ƙaramar bishiya da ke tsakanin rumfa da kogon, ya lanƙwashe kamar gwiwar hannun tsoho, ya gitta ƙasan ƙofar a duk hoton da aka ɗauka. Malamai sun sha yi min ƙorafi a kansa. Nakan ce, "Malam, haka muka tarar da shi," in miƙa musu shayi. Roi kuwa ba ta taɓa cewa komai ba, sai sau ɗaya tak. Muna cin abincin yamma tana duba hotunan ranar a bayan kamara, ta tsaya a kan ɗaya, ta ja numfashi ta ce, "Kash. Da ba don reshen nan ba."

Ba da ni take ba. Da kanta take. Ta ci gaba da cin abincinta ma. Amma maganar ta shige ni ta zauna.

Ranar kasuwa Roi ta sauka garin Yingjiang wanke hotuna, kuma ba mu da baƙi. Na zauna a rumfa ni kaɗai har namijin ya zo ya ciyar ya tafi. Dokar gari ce ba mai sauka kwarin nan muddin macen tana liƙe, kuma ni ne na kawo dokar da bakina a gaban dattawa. Na sauka. Na hau ƙaramar bishiyar har inda ta rabu biyu, na miƙa hannu, sara uku reshen ya faɗi. Na ja shi na cusa a ƙarƙashin ciyawa. Da na hauro na leƙa ta ragar rumfa, ga kogon nan tas, ba abin da ya tare shi. Na dawo gida ina 'yar waƙa har Ja Lu ta tambaye ni ko na biya ta wajen masu giya.

Washegari muka isa rumfa gari bai gama wayewa ba. Roi ta kafa kamara, ta sa ido, sai ta ɗago.

"Baba, ina reshen?"

"Wane reshe?"

"Reshen. Reshen nan."

Na ce, "Af! Ai kuwa babu shi. Iska ce, jiya da rana an yi wata irin iska." Na jira in ga ta yi murna.

Ba ta yi ba. Ta zauna tana cizon leɓe.

Can muka ji zarton nan daga nesa. Namijin ya taho kamar kullum, ya miƙo ƙafafu zai sauka, sai ya tarar ba komai a wurin. Ban taɓa ganin tsuntsu mai girma haka ya rikice a sama ba. Ya yi ta dukan iska da fukafukai, ya karkace, ya wuce can ƙwanƙolin wata bishiya a ƙarshen kwari ya sauka. Ya yi kuka mai kauri sau biyu. Maƙoshinsa cike, ana gani. Ya yi kusan awa yana juya kai, sannan ya tashi ya tafi da abincinsa.

Na ce, "Ga rassa nan birjik a dajin, ya sauka a wani mana."

Roi ta ce, "Ba ya taɓa zuwa kogon kai tsaye, Baba. A kan reshen nan yake sauka. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya goge bakinsa sau biyu, sannan ya tsallaka. Kullum. Ba ka taɓa lura ba?"

Na lura. Na gani ya fi sau dubu. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in ɗauka yana da wani amfani. Malamai ba sa danna kamara sai ya isa kogon, don haka a wurina duk abin da yake yi kafin nan ɓata lokaci ne.

Ya dawo da tsakar rana, ya dawo da la'asar, duk a can nesa ya tsaya. A zuwan ƙarshe macen ta ji kukansa, ta zuro kan bakinta ta tsagar tana buɗewa tana rufewa. Da ya tafi sai ta fara ƙwanƙwasa bangon daga ciki. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Har muka bar rumfa tana yi.

Da yamma Ja Lu ta daka barkono da busasshen nama yadda nake so, na kasa kai loma uku. Ta dube ni, ta dubi addata a jikin bango, ta sake dubana. Shekara talatin muna tare, in ta yi min irin wannan kallon na gwammace ta zage ni.

Safiya ta biyu ma haka, ya zo ya tsaya nesa. Roi ta ce in zauna, ta gangara gari ta zo da Kawu Naw. Kawu Naw yayan mahaifiyata ne, shi ne kuma mahaifin Ja Lu, don haka ko ta ina aka bi yana da ikon faɗa min abin da ya ga dama, kuma yana amfani da ikon. Ya wuce saba'in da biyar. Shi ke jan rawa a bikin Manau, babban bikin ƙabilarmu, tun ina saurayi, kafin nan kuma ba maharbin da ya kai shi a tsaunukan nan. Ja Lu ta biyo su da ƙunshin abinci.

Ya zauna a kujerar Malamai yana haki, ya ce wa Roi, "Ke 'yar birni, jawo min wurin da abin naki. Idona ya zama na ado."

Ta jawo masa gindin reshen har ya cika bayan kamarar. Ga saran nan fari fat, a karkace, sumul.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Iska aka ce?"

Roi ta ce, "Haka Baba ya ce."

"Ikon Allah. Na ga iska iri-iri a rayuwata. Na ga wadda ta ɗauke rufin coci. Amma ban taɓa ganin iska bahaguwa mai wasa addarta a dutse ba." Ya juyo ya kira sunana. "Tu, bahagwai nawa ne a garin nan?"

Na ce, "Ni kaɗai ne, Kawu."

"To."

Roi ba ta juyo ba. Bayanta kawai nake gani, da 'yar jelar gashin da ta ɗaure. Ta ce, "Baba, don me?"

Na ce, "Kin ce da ba don reshen ba."

"Yaushe?"

"Ranar Talata. Muna cin kabewa."

Sai ta rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Ja Lu ta ce, "Ni dai na gode Allah ba ta ce dutsen can ne ya tare mata rana ba."

Daga kogon aka ci gaba. Ƙwas. Ƙwas. Ya fi na jiya rauni, ko kuma kunnena ne.

Kawu ya saurara, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Na san wannan ƙarar. Ina da shekara goma sha tara, hular rawar mahaifina ta tsufa, ana neman sabon bakin cilakowa a ɗora mata. Na harbo namiji, a irin wannan lokacin. Aka yi ta yaba min. Bayan kwana uku na bi ta ƙarƙashin wata bishiya na ji wannan. Na dawo washegari, na sake ji. Rana ta uku ban ji komai ba." Ya ciro goran giyarsa, ya duba, ya mayar bai sha ba. "Tana zubar da gashin fukafukanta a ciki. Ko ta fasa ƙofar ba inda za ta. Hular tana nan a akwati. Ta katako na sa aka sassaƙa min, da ita nake rawa."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Ja Lu ma daga baya ta ce min ba ta taɓa ji ba.

Na ce, "Kawu, kwana nawa muke da shi?"

"Mu? Mu muna da kwanaki, mun ci mun ƙoshi. Ita ce ba ta da shi. In akwai ɗa a ciki, yau ne ko gobe." Ya nuna ni da sandarsa. "Ka ƙona shi?"

"A'a. Yana cikin ciyawa."

"To ka mayar wa mutum da kayansa."

Na ce ko in sa wani reshen, wanda ya fi shi ƙwari. Kawu ya ce in aka ɗauke min matakalar ɗakina aka kafa wata a bayan gida, zan shiga a guje ko zan tsaya in tambayi wanda ya shigo min gida? Nasa yake so, a inda yake, yana kallon inda yake kallo. Na ce to ni ina zan tuna yadda yake kallo, reshe ne kawai.

Roi ta sauke hannunta daga fuska. Idanunta jajur. Ta ce, "Ina da hotonsa ya fi dubu biyu, Baba. Ba wanda bai fito a ciki ba."

Muka jira namijin ya gama zamansa ya tashi. Roi ta duba agogo ta rubuta a littafinta, ta ce muna da awa uku in ya yi yadda ya saba. Kawu ya tofar da yawu ya ce, "Da ɓauren tsallake na nan, da ko rabin awa ba mu samu ba. Ka ga alherin masu ayaba."

Muka sauka mu uku, Roi ta tsaya a rumfa da kamara da oba-oba ɗaya, ɗayar a jakata. Na jawo reshen daga ciyawa. Ya fi yadda nake tsammani nauyi, kuma wani ɗan tsinke a ƙarshensa ya karye. Kawu ya tsaga gora ya fere min ƙarfafan sanduna uku, Ja Lu ta jiƙa kwagiri a rafi don ya yi laushi, ta kwaɓa laka da gansakuka a ganyen ayaba. Na hau. Shekaranjiya da na hau don in sare ban ji tsawon bishiyar ba. Yau gwiwata ta dama sai da ta ƙirga min kowane taku.

Na zura igiya ta kan wani reshe na sama na jefa musu. Suka ɗaura, suka fara ja, tsoho da 'yarsa.

Ja Lu ta ce, "Ja mana, Baba!"

"Ina ja! Ke ce kike rataye a jiki kamar jemage."

"Ka ajiye sandar tukuna."

"In ajiye ta in faɗi, mijinki ya gaji gorana? Tu! Kana kallon gari ne a can? Kama abin!"

Na kama. Na haɗa bakin saran da gindinsa, na jera sandunan gora a kewaye, na yi ɗaurin farko sako-sako. Oba-oba ta yi ƙara a jakata, muryar Roi ce.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji. Kin sha ruwa?"

"Baba."

"Rumfar nan da zafi yanzu. Akwai shayi a ƙarƙashin kujera ta uku."

"Baba, ka juya shi. Gwiwar tana kallon ƙasa, sama take kallo da. Juya ta wajen kogi."

Na juya. Ɓawon ya goge min fatar hannu.

"Ya yi yawa. Dawo kaɗan. Kaɗan na ce! Tsaya in duba." Ina jin tana danna maɓalli, tana duba tsohon hoto, tana duba ni. "A hoton ran Lahadi ƙarshensa yana daidai da wani baƙin tabo a jikin babbar bishiyar. Yanzu yana ƙasa da shi da kamar taƙi ɗaya. Su Kaka su ƙara ja."

Na leƙa ƙasa na ce su ƙara ja. Kawu ya ce a gaya wa 'yar birni hannunsa ba na gwamnati ba ne.

Haka muka yi ta yi. Ɗaga, sauke, hagu, dawo. Tun da aka haife ta ni ke gaya mata inda za ta sa ƙafa, yau ga ni a sama kamar biri, ba na ganin komai sai ɓawon itace a gaban hancina, ita ce mai ido. Kuma ba ta yi min sauƙi ba. Sau biyu na ce ai ya yi haka, sau biyu ta ce bai yi ba. A na uku ta yi shiru har na zaci batir ya mutu, sannan ta ce, "Nan ne. Kada ka yi numfashi. Ɗaure."

Na ɗaure da kwagiri, zagaye bayan zagaye, irin ɗaurin da muke yi wa ginshiƙin ɗaki. Na shafe farar gorar da laka, na manna gansakuka a kai. Sannan na kama reshen na rataya rabin nauyina a jiki don in gwada.

Ja Lu ta yi ƙara daga ƙasa. "Baban Roi! Kai cilakowa ne?"

Bai motsa ba. Na sauko, muka kwashe igiya da ɓawon gora da duk abin da ya nuna mutum ya zo, muka hauro. Awa biyu da minti arba'in, in ji littafin Roi. Ta dubi hannuna da ya daddauje, ta ciro ƙyallen goge gilashin kamararta, wanda ko taɓawa ba ta bari a yi, ta ɗaure min.

Bai zo a kan lokaci ba. Awa uku ta wuce, ta huɗu ta shiga. Muka buɗe ƙunshin Ja Lu, ba wanda ya ci sai Kawu. Ƙwanƙwasar ta tsaya tun muna kan aiki, kuma ba wanda ya ambaci hakan. Ni kuwa na zauna ina lissafin duk abin da zai iya faruwa. Ko ya gan ni a kan bishiyar daga nesa. Ko ya haƙura ya bar kwarin. Ko lakar ta bushe ta zube. Na dubi Roi ta gefe, na ce a raina in tsuntsuwar nan ta mutu yarinyar nan za ta ci gaba da ce min Baba, za ta ci gaba da karɓar shayina, amma duk ranar da ta dubi bishiyar nan ni za ta gani.

Rana ta karkata sosai sannan muka ji zarton. Ya wuce ta kanmu ya sauka a can ƙarshen kwari, inda ya saba tsayawa kwana biyun nan. Ya zauna. Ya karkata kai ya dubi wajen da ido ɗaya, ya juya ya duba da ɗayan. Kawu ya fara gyangyaɗi, ko kuma ya yi kamar yana yi. Ja Lu ta riƙe gefen rigata.

Sai ya saki kansa. Bai kaɗa fukafuki ba, ya zubo ne kawai a hankali, ya miƙo ƙafafu, ya sauka a kan reshen.

Reshen ya ɗan sunkuya. Na ji ƙarar kwagirin har cikin haƙorana. Ya tsaya.

Tsuntsun ya buɗe fukafukai kamar zai tashi, ya mayar. Ya taka zuwa wajen ɗaurin, ya sa baki ya ciri gansakuka ya yar. Ya sake cira. Kawu ya buɗe ido ɗaya ya ce ƙasa-ƙasa, "Yana duba aikinka. Shi ma ya san na bahago ne." Ya dubi hagu. Ya dubi dama. Ya goge bakinsa a jikin reshen sau ɗaya, ya daɗe, ya goge na biyu. Ya tsallaka ya maƙale a bakin kogon.

Ba abin da ya leƙo.

Ya sunkuyar da kai ya fito da ɓaure ɗaya, ya riƙe a kan bakinsa a gaban tsagar. Ya jira. Ya ɗan buga bangon. Sai ga kan bakinta, a hankali, ta karɓa. Ya fito da wani. Ta karɓa da sauri. Daga nan kuma kamar ana zuba hatsi a buhu, kuma a ƙarƙashin wannan duka muka ji wata 'yar siririyar murya tana tsuwwa daga cikin itacen.

Roi tana ƙirgawa da leɓe. Sai da ta kai goma sha biyu na lura hannunta yana kan cinyarta.

Na raɗa mata, "Ɗauka mana."

Ta ce, "Au," ta kama kamarar.

Ɓaure talatin da huɗu ya ba ta, da ƙadangare ɗaya a ƙarshe. Ya koma kan reshen ya yi ta gyaran gashi kamar ba abin da ya taɓa faruwa, sannan ya tafi neman wani tun rana ba ta faɗi ba.

Hoton da Roi ta kai ofishin gandun daji daga na ranar ne. Ga shi a maƙale, ga ɓauren a tsakanin bakuna biyu, ga reshen ya gitta ƙasan hoton da ɗaurinsa na kwagiri a fili, don ya cire rabin gansakukar. Na ce ta zaɓi wani wanda ɗaurin bai fito ba. Ta ce wannan take so. Sun karɓa, sun ce za su zo su ga gangaren da kansu. Har yau muna jira, ni kuma kullum sai na tambaye ta ko sun kira.

Amma a ranar, da muka fito daga rumfa za mu gida, na wuce gaba kamar kullum. Roi ta kama jakata ta baya.

"Baba, yau ni ce a gaba."

"Akwai macizai da yamma."

"Na sani. Bi ni."

Na bi ta. Ba mu yi nisa ba sai ga wata igiyar daji ta gitta hanya daidai ƙirji. Kafin in ankara hannuna na kan ƙotar adda. Roi ta sunkuya ta wuce ta ƙasa, kamarar a rungume, ba ta ko waiwayo ba. Na tsaya. Na saki ƙotar. Na sunkuya ni ma, gwiwata ta yi ƙara, igiyar ta kama jakata ta riƙe ni a duƙe, na kasa gaba na kasa baya.

Kawu ya iso ta bayana yana dogara sanda. Ya tsaya yana kallona.

Ya ce, "Ja Lu, zo ki kwance mijinki. Yau ya fara koyon tafiya."